Mai Shigowa Ƙarfe Ɗaya da Kwata

Kawuna ne ya koya mini zargi, kuma ya koya mini shi da kyau. Tun ranar da ya fara zaunar da ni gaban kwamfuta yake cewa, "Uwata, a wannan aikin duk wanda ya rantse miki bai taɓa komai ba, fara dubawa daga teburinsa." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata, ko a gaban baƙi, ko ina rataye da katin aiki a wuya. Na yi mita har na gaji na bar shi.

Kamfaninmu na zanen gine-gine ne, bene hawa biyu, ma'aikata talatin da 'yan kai. Duk zanen da aka taɓa yi a gidan yana cikin babbar kwamfuta guda ɗaya da muke kira saba, a wani ɗaki ƙarƙashin matakala wanda ba shi da taga. Esin da ke sanyaya ɗakin tari yake yi kamar tsohon mashayin taba. Kowace waya da ta shiga kejin ƙarfen da sabar take ciki tana da 'yar takarda manne a wuyanta, da rubutun Kawu a kai. Kujerar ɗakin ma ƙafarta ɗaya ta gaza, da wani tsohon littafin firinta aka tokare ta. Shekara goma sha tara Kawu ya yi a kan kujerar nan, huɗun ƙarshe ina gefensa a kan kwali.

Da mai kamfanin ya rasu, ɗansa ya hau, ya zo da nasa Manajan. Ba a yi wata uku ba aka yi karo. Sabon Maigida ya ce a ba shi babbar kalmar sirri ta sabar, ya riƙe a wayarsa. Kawu ya ce a'a, kuma a gaban mutane ya faɗa, da muryar nan tasa da ba ta san rarrashi ba. Washegari da safe aka miƙa masa takardar sallama. Maigadi ya tsaya a kansa yana tattara butar shayinsa da tabaransa da silifas, aka ce kada ya kuskura ya taɓa kwamfuta.

A kan matakala ya riƙo hannun rigata, ya yi ƙasa da murya.

"Akawun ɗina na shiga sabar, ki bar shi yadda yake. Zan yi miki bayani."

Sai ga Manaja ya ɓullo a bayanmu, Kawu ya ja bakinsa ya sauka.

To, doka ta farko a aikinmu ita ce: ranar da mutum ya bar aiki, ranar ake kulle akawun ɗinsa, kafin ya kai bakin titi. Shi ya koya mini ita. Na ga ya kulle na wani da aka sallama tun mutumin yana bayi yana wanke fuska. Amma na bar nasa a buɗe, saboda Kawu ne. Maganar dai ta zauna mini a ƙirji ta ƙi narkewa.

Aka ba ni kujerar, aka fara kirana Injiniya. Manaja ba ya wuce ni bai yi murmushi ba. "Injiniya, ya kawunmu? Ana dai gaisawa ko?" In ce ana gaisawa. Ya ce, "Madalla, ai jini ba wasa ba ne." Ya wuce, ya bar ni ina juya maganar har la'asar.

Mako uku da tafiyar Kawu, Dogo ya leƙo ɗakina. Dogo mai zane ne, kuma shi kaɗai ne a gidan ba ya fita cin abincin rana. A teburinsa yake ci, shi ya sa madannan kwamfutarsa kullum suke maiƙo.

"Injiniya, abin nan naki fa yana jan ƙafa da rana. Da an ce ƙarfe ɗaya ta wuce, sai in danna fayil in je in wanke hannu in dawo bai buɗe ba."

"Ka taɓa wani abu?"

"Wallahi ban taɓa komai ba."

Na fara dubawa daga teburinsa. Ban ga komai ba sai ɓawon gyaɗa. Na dawo na buɗe rajistar sabar, inda take rubuta duk wanda ya shiga da wanda ya fita da abin da ya taɓa. Ina gangarawa sai idona ya tsaya. Ƙarfe ɗaya da kwata, wani ya shigo daga waje, ta intanet, da akawun ɗin Kawu. Ya bi jakunkunan zane ɗaya bayan ɗaya, duk abin da aka zana sabo ya kwafa. Ƙarfe biyu saura ashirin ya fita. Na koma jiya, haka. Shekaranjiya, haka. Ran Lahadi kaɗai ba ya zuwa.

Rajistar kwana talatin take riƙewa, ta goge na baya. Na koma har ƙarshenta, yana nan. Wato tun Kawu yana kan kujerar nan ake yi, ina gefensa a kan kwali ina ɓare masa lemo.

Ban yi gaggawa ba, wannan kam ba zan yarda a ce na yi ba. Na bincike sabar ciki da bai ko akwai wani aiki da aka saita mata na aika fayiloli waje. Babu. Kwafin ajiyarmu na san shi: wani baƙin akwati ne a kan kantar ƙasa ta kejin, ƙarfe biyar yake kwafe komai, kafin maigadi ya sauke wutar gidan gaba ɗaya ƙarfe shida. Na bi adireshin mai shigowar, ya kai ni ga layin intanet na gida, na kamfanin da rabin gari ke amfani da shi. Kawu ma nasu yake amfani da shi, ni na raka shi ya saya.

Me ya hana in ɗaga waya in tambaye shi? Doka ta biyu. In ka ga sawun mai kutse, ba ka tashinsa. Sai ka yi shiru ka zuba ido har ka gane abin da yake nema. Ita ma shi ya koya mini.

Ran Asabar ofis yana buɗe, sabar tana kunne. Na ce kaina na ciwo, na fita, ƙarfe ɗaya saura na yi sallama a gidan Kawu. Na je ne in ga inda hannunsa zai kasance ƙarfe ɗaya da kwata. Har yau in na tuna da wace zuciya na shiga gidan nan kunya takan kama ni.

Na same shi a baranda ya kwance fankar maƙwabta, sukurori jere a kan faranti. Tsakar gida cike da baƙin matarsa, ana ta hayaniya.

"A'a! Uwata da rana tsaka? An kore ki ke ma?"

"Tukuna dai, Kawu."

"To zauna ki riƙe mini wannan. Ya esina, yana nan yana tari?"

Na zauna na riƙe. Babu kwamfuta kusa da shi, hannuwansa duk baƙin mai. Har na fara jin sanyi a raina. Sai na ga ya juya wuyan hannu ya dubi agogo. Na saci kallon nawa, ɗaya da kwata daidai. Ya ci gaba da goge fiffiken fanka. Muka yi hirar ciwon gwiwar mahaifiyata, da ɗansa da ya ƙi karatu ya ce shi ƙwallo zai yi. Biyu saura ashirin, wayarsa ta yi 'yar ƙara sau ɗaya. Ya goge yatsa a riga, ya duba, ya gyaɗa kai, ya kife ta a kan tabarma.

Na ce, "Wa ke nemanka?"

"Wani tsohon abokin aiki ne. Ba ya fashi." Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya dube ni ta saman tabarau. "Akawun ɗin yana nan dai?"

"Yana nan."

"Na sani. Uwata, akwai abu ɗaya da ban damƙa miki ba. Ba zan faɗa a waya ba, ba kuma zan faɗa da kunnuwa ashirin a tsakar gida ba. Ki zo Asabar mai zuwa mu fita, ki gani da idonki."

Ya sani. Ta yaya mutumin da aka sallama zai san akawun ɗinsa yana buɗe? Ina cikin wannan tunanin na hango wani kati a kan taga, an danne shi da sukurdireba. Tambarin ɗaya kamfanin zanen ne, abokan hamayyarmu, waɗanda ko sunansu ba a ambata a ofis sai an yi tsaki. Ya ga inda nake kallo.

"Sun kira ni in gyara musu wayoyinsu, kwana biyu a mako. Ki ga ɓarna a ɗakin sabarsu, kamar an zubar da taliya. To ya zan yi, in zauna ina gyaran fanka har in mutu?"

Na yi murmushi, na ce Allah ya taimaka. Matarsa ta ce in tsaya in ci abinci, na ce ana jirana. A mota na yi ta kuka kamar wata sakara, direba yana leƙena ta madubi.

Ban samu Asabar ɗin ba. Litinin da safe Maigida ya tara mu. Akwai wani babban asibiti da muke nema a ba mu zanensa, su ma ɗaya kamfanin suna nema. Wani ya nuna masa hoton nasu zanen, ya ce matakalarsu irin tamu ce sak, har inda ta karkata. Ya dinga buga tebur yana cewa akwai munafiki a gidan nan. Kowa ya sunkuyar da kai. Dogo ya yi tsuru-tsuru kamar shi ya ci. Manaja ne kaɗai idonsa a sama, kuma a kaina yake.

"Injiniya," ya ce, a hankali, "a ɗakin nan naki, akwai wata ƙofa da ba mu sani ba?"

Da na ce a ba ni zuwa Asabar, da an ba ni. Amma na ga yadda za ta kasance in wani ya gano kafin in faɗa: ƙanin uwarta ne, ta bar masa ƙofa, tare suke ci. Tsoro ne ya kama ni, ba kishin kamfani ba, ko da yake a lokacin sunan da na ba shi ke nan. Na sauka na bugo rajistar, shafi bakwai. Na rubuta rahoto, na sa sunan Kawu cikakke, na sa hannu a ƙasa.

Ƙarfe ɗaya da minti biyar na kulle akawun ɗin, Manaja yana tsaye a bayana yana shaƙar iskar esi. Ɗaya da kwata wani sabon layi ya fito a rajista: an nemi shiga, an hana. Bayan minti biyu wayata ta ɗauki ƙara a kan tebur, sunan Kawu ya cika fuskarta.

Manaja ya tafa hannu. "Minti biyu! Kin gani ko? Ɗaga mana mu ji."

Ban ɗaga ba. Ta katse, ta sake, ta katse. Sai saƙo ya shigo: "Kwafin ajiya ne kika rufe. Ki kira ni."

Na nuna wa Manaja. Ya yi dariya har da riƙe kejin ƙarfe. "Ajiya! To da me zai ce, sata nake yi? Ga kwafin ajiyarmu nan a gabanki, baƙi ƙirin." Aka tambayi Maigida ko mahaifinsa ya taɓa ambatar wani kwafi a waje, ya ce bai taɓa ji ba. Lauyan kamfani ya ce kada kowa ya sake magana da mutumin, musamman ni. A gabansu na toshe lambar Kawu.

Ba a kai shi ga hukuma ba. Maigida ya ce albarkacin shekarunsa. Abin da ya yi ya fi haka muni: ya zauna da waya ya kira duk wanda ya sani a harkar. Kafin mako ya ƙare ɗaya kamfanin ma sun sallame shi, don wa zai bar wanda aka ce ya saci fayilolin ubangidansa ya taɓa masa saba? Ran Alhamis na hango shi ta tagar bene, a bakin ƙofa, da ambulan a hannu. Maigadin da suka yi shekara da shekaru suna shan shayi tare ya ɗora hannuwa a baya, ya ƙi karɓa. Kawu ya ɗaga kai ya dubi benen, na ja baya daga tagar. Bai sake zuwa ba.

Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Tana tsintar shinkafa ta ce, "Kin tambaye shi?"

"Mama, ba haka ake aikin ba."

"To ya ake yi?"

"Ana bin abin da rajista ta nuna."

"Ita rajistar ce ta goya ki zuwa asibiti ranar da kika karye?" Ta ci gaba da tsintarta. "Ƙanina ne, na san halinsa. Yana da taurin kai, yana da ɓoye-ɓoyen banza, ko inda zai je aski ba ya faɗa. Amma bai taɓa ɗaukar allurar wani ba."

Na ce mutane suna canjawa. Ta ce haka ne, ga shi tana gani.

Kullum ɗaya da kwata layin nan yana fitowa. An nemi shiga, an hana. Da farko ciwo yake yi mini, daga baya ya zama agogona, in na gan shi sai in tashi in ɗumama abinci. Manaja yakan leƙo ya ce, "Baƙonmu ya zo?" In ce ya zo ya koma. Wani lokaci tambaya takan taso mini: wane irin ɓarawo ne zai yi ta zuwa a minti ɗaya, da mabuɗi ɗaya, ƙofar da ya san an canja mata kwaɗo? Ko kalmar sirrin wani bai taɓa gwadawa ba. Sai in ce ai na'ura ya saita, ɓarayi ma suna da na'ura. In danne tambayar da sauri, domin in ba ɓarawo ba ne, to ni mece ce?

Maganar matakala kuwa ta mutu da kanta. Dogo ne ya faɗa mini a ɓoye cewa shi da mai zanen ɗaya kamfanin malami guda ya koyar da su, kuma duk ɗaliban malamin nan haka suke karkata matakala. Na ce me ya sa bai faɗa a taro ba? Ya ce wa ya tambaye shi?

Mako shida da kwana uku aka yi haka. Ran Alhamis, wajen ƙarfe goma na safe, sakatariya ta buɗe wani imel da aka rubuta wa "takardun asibiti". Minti ashirin bayan nan Dogo ya faɗo ɗakina ko sallama babu.

"Injiniya, fayilolina sun canja suna! Wallahi ban taɓa komai ba!"

Wannan karon gaskiya ya faɗa. Bairos ne, cutar kwamfuta, irin mai kulle fayiloli ya ce sai an fanshe su. Na fizge wayar intanet, na fizge ta benen sama, na fizge duk wadda hannuna ya kai, takardun Kawu suna zuba a ƙasa. Na makara. Ya cinye sabar. Na durƙusa gaban baƙin akwatin ina addu'a, na buɗe. Da yake a jone yake da sabar kullum, ta hanyar da kwafi ke bi ta nan cutar ta bi. Ko fayil ɗaya bai tsira ba.

Maigida ya sauko ɗakin, karo na farko tun hawansa. Sai da ya sunkuya saboda matakala.

"Kwafin ajiyar fa?"

"Ya tafi tare da ita."

"Duka? Har zanen Baba?"

"Duka."

Ya jingina da bango. Ni kuwa na zauna a ƙasa, na ciro waya, na nemo saƙon nan na mako shida. Kalma takwas ne. Na karanta shi kamar yau na fara ganinsa.

Kawu yana baranda, babu fanka, babu sukurori, shi kaɗai da rediyo a kashe. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya dubi ƙurar gwiwoyina da 'yar takardar waya da ta manne a hannun rigata.

"Ta faru?"

"Ta faru, Kawu."

"Har baƙin akwatin?"

"Har shi."

Bai ce ai na gaya miki ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko hula da tabarau da 'yar jakarsa. "Mu je."

A tasi shi yake gaya wa direba dama, hagu. Muka tsaya ƙofar wani gida da na sani, don na taɓa zuwa ta'aziyya. Gidan mahaifiyar Maigida ne.

Tsohuwar tana ganinsa ta washe baki. "Ga mai akwati! Wata biyu ka guje ni, har ƙura ta rufe abin naka, sai ni nake hawa kujera ina gogewa da wannan ƙafar tawa."

"A yi haƙuri, Hajiya. Ban ji daɗi ba ne."

"Ai ga shi nan a fuskarka. Wannan 'yarka ce? Ku shiga, ɗakin a buɗe yake."

Ɗakin marigayi ne, gado a gyare, takalmansa jere a gindin bango. A saman kabad akwai wani abu lulluɓe da farin kyalle mai ado a baki. Kawu ya yaye. Ƙaramar kwamfuta ce mara allo, koriyar fitila tana ƙyaftawa a goshinta.

Hajiya ta ce daga bakin ƙofa, "Maigidana ya ce ko firji za a kashe, ban da wannan. Ni ban san me yake dafawa ba, ban kuma tambaya ba." Ta ja ƙafa ta tafi kawo mana ruwa.

Kawu ya sauko da ita kan gado, ya jona mata kwamfutarsa ta hannu. Yana dannawa yana magana, ba ni yake kallo ba.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ita take zuwa ta ɗauka, sabar ba ta aiko mata. Sabar ba ta ma san hanyar gidan nan ba, don haka duk abin da ya ci sabar ba zai iya biyo ta ba. Da rana take zuwa saboda ƙarfe shida ana sauke wuta, kuma ƙarfe ɗaya kowa ya rufe fayil ya fita, ban da Dogo. In ta gama ta turo mini saƙo. Ni da Tsoho, Allah ya jiƙansa, kaɗai muka sani. Ya ce kada a gaya wa ɗan nasa sai ya yi hankali." Ya gyara tabarau. "Laifina biyu. Ranar da na haɗa ta ina sauri, na sa akawun ɗina na ce gobe zan buɗe mata nata. Goben ba ta zo ba. Na biyu, na ɓoye har ga wadda ya kamata ta sani."

Ya juyo mini da allon. Jakunkunanmu ne, da sunayensu na gaskiya. Zanen marigayi na farko, makarantu, gidaje, gadar nan da yake alfahari da ita, duk suna nan lafiya. Na duba kwanan watan kwafi na ƙarshe. Asabar ce, ranar da na zauna a barandarsa ina riƙe masa fiffiken fanka. Duk abin da aka zana bayan nan ya tafi, har da kusan dukan asibitin. A ƙarƙashin wannan ranar layuka ne jere, iri ɗaya, na san su kamar tafin hannuna, sai dai daga wancan gefen ƙofar na saba ganinsu. An nemi shiga, an hana. Na ƙirga, talatin da tara.

Na ce, "Zan rubuta wani rahoton, Kawu. Zan sa Maigida ya kira duk wanda ya kira. Zan je da kaina."

"Ki rubuta. Na farkon dai an riga an karanta."

Koriyar fitilar ta fara ƙyaftawa da sauri. Ban buƙaci agogo ba. Muka zuba mata ido, tana neman sabar da na cire wa wayoyi da hannuna. Layi na arba'in ya fito. Bayan minti biyu wayar Kawu ta yi 'yar ƙara sau ɗaya a aljihunsa. Bai ciro ta ba.

"Kullum?" Na dube shi. "Kullum take gaya maka?"

"Kullum."

"Me ya sa ba ka kashe saƙon ba?"

"Na ce wata rana zai zo ya ce an buɗe."

Na rufe fuska da hannuwa. Shi kuma ya ci gaba da aiki, don bai taɓa barin aiki a rabi ba. Ya goge akawun ɗinsa daga cikinta. Ya rubuta sabon suna, "ajiya", wanda ba na kowa ba. Ya je wajen lambar waya ya share tasa, ya sa tawa, bai ko tambaye ni ba, yana da ita a ka. Ya yagi 'yar takarda ya rubuta kalmar sirri da rubutun nan nasa mai kwanciya, ya ajiye a kan gado tsakaninmu. Sannan ya naɗe wayarsa tsaf, ya zuge jaka, ya miƙe.

"Kada ki jona ta da sabar sai kin wanke kowace kwamfuta a gidan, har ta Maigida. Ki fara da ta sakatariya. Duk wata ki zo ki share mata ƙura, kada tsohuwar nan ta faɗo daga kujera."

"Kawu, don Allah, ka tsaya mu koma tare."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula. Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, da ma akwai.

"Na damƙa miki komai yanzu," ya ce. "Sai an jima, Injiniya."